Yadda ake haɗa tarhon dijital a matsayin layin ciki a akwatin PBX na ofis

Kalmar "waya" tana rikita mutum a wannan aiki, domin ita ce abin da ake ɗagawa a kara a kunne, ita ce kuma abin da ake ja a cikin bango. Don kada mu ruɗe, wanda ake ajiyewa a kan tebur zan kira shi tarho, wadda ake ja a bango waya ko kebul, siraran tagullar da ke cikinta kuma sili. Akwatin da ke karɓar kira yana rarraba shi ofis-ofis shi ne PBX. Layin ciki kuwa, wanda ma'aikata ke kira estenshan, shi ne lambar nan gajeriya, kamar 101 ko 205, da ake buga wa abokin aiki ba tare da kiran ya fita daga ginin ba.

Tarhon dijital ɗan gida ne. Ba ya jin yaren kowa sai na akwatin da kamfaninsa ya ƙera, ba ya aiki sai a kafar da aka tanadar masa, wato ramin da ake jona waya a jikin akwatin, kuma sai ta silin da ya dace. A cikin aikin da na sha yi, yawancin tarhon da ya ƙi tashi a ɗaya daga cikin waɗannan ukun matsalarsa take. Saiti a kwamfuta, wanda mutane suka fi jin tsoro, shi ne mai sauƙin.

Mataki na farko: ka tabbata dijital ne

Tarhon ofis iri uku ne, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Akwai na analog, irin tsohon tarhon gida, wanda zai yi aiki a kowane akwati. Akwai na IP, wanda ake jonawa da kebul ɗin kwamfuta, yana bin hanyar sadarwar ofis, galibi da yaren SIP. Sai na dijital, wanda yake amfani da sili biyu kacal kamar na analog, amma abin da ke gudana a cikinsu ba murya ba ce zalla: murya ce da aka mayar lambobi, tare da saƙon allo da na fitilun maɓallai, da wutar da tarhon ke ci, duk a kan silin nan biyu.

Kada allo da yawan maɓallai su ruɗe ka. Juya tarhon ka karanta lambar samfurin a ƙasansa. Idan Panasonic ne, waɗanda suka fara da KX-DT dijital ne, kamar KX-DT333 da KX-DT543, su kuma KX-NT na IP ne. A wajen Avaya, 1408 da 1416 da 9504 da 9508 dijital ne, amma 1608 da 9608 na IP ne. Ka ga lamba ɗaya ce tak ta raba 9508 da 9608, kuma ita ce ta raba duniyarsu. Wata alamar: idan a bayan tarhon akwai manyan kafofi biyu, ɗaya an rubuta LAN ɗaya PC, to na IP ne, wannan bayani ba nasa ba ne.

Daga nan ka dubi akwatin. Tarhon Avaya ba zai tashi a akwatin Panasonic ba, na NEC ba zai tashi a na Alcatel ba, ko da bakin wayar ya shige daram. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai zamani: sabon tarho kan buƙaci a sabunta manhajar tsohon akwati kafin ya gane shi. Littafin akwatin yana da jerin samfuran da yake karɓa. Duba shi kafin a sayi kaya, ba bayan an sayo ba. Wanda kuma ya koma amfani da manhajar PBX ta kwamfuta irin su Asterisk ko FreePBX ko 3CX yana fatan tafiya da tsofaffin tarhonsa na dijital, to ya sani ba za su jonu kai tsaye ba, don waɗancan da na IP suke hulɗa.

Mataki na biyu: nemo kafar dijital da ba kowa a kanta

Akwatin PBX katuna ne a jere, kowane kati da irin kafofinsa. A Panasonic, katin DLC na dijital ne, SLC na analog, DHLC kuma gauraye ne, yana ɗaukar kowanne. Lambar da ke biye ita ce yawan kafofi: DLC8 takwas, DLC16 goma sha shida. A Avaya IP Office, kafar da aka rubuta DS ita ce ta dijital, wadda aka rubuta Phone ta analog ce. Kafofin da aka rubuta CO ko Line ko Trunk na layukan kamfanin sadarwa ne masu shigowa daga waje. Ba ruwanka da su yanzu.

Kafar da ka gani fayau ba lallai ba ce babu mai ita. Wataƙila ta wani ce da ya tafi hutu aka zare tarhonsa. Shiga manhajar saiti ka duba ko akwai suna a kanta. Idan kuma kafofin sun ƙare, sai ƙarin kati. A nan ka yi hattara: ɗauki kwafin saitin akwatin ka ajiye, kashe akwatin yadda littafinsa ya ce, zare shi daga wuta da batir, ka taɓa jikin ƙarfe ko ka ɗaura abin sauke wutar jiki a hannu kafin ka riƙe katin, kuma ka riƙe shi ta gefe. Akwai akwatunan da ake iya sa musu kati suna kunne, akwai waɗanda hakan zai ƙona su. Idan ba ka tabbatar da naka ba, kashe shi. Yi wannan bayan an tashi daga aiki, don duk layukan ofis za su ɗauke.

Masu akwatin Panasonic su san cewa tun ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar da zai janye daga ƙera waɗannan na'urori, saboda haka katin da za a samu yanzu galibi ragowar kaya ne ko wanda aka yi amfani da shi. A gwada shi kafin a dogara da shi.

Mataki na uku: kayan aiki da takarda

Za ka buƙaci kebul na Cat5e, irin na kwamfuta, ko na tarho mai sili murɗaɗɗu biyu-biyu, soket na bango, kawunan RJ11, wato ƙananan kawunan igiyar tarho, da filayar matse su, abin danna sili a allon rarraba waya irin na Krone ko na 110, mita mai auna wuta, testar kebul, da abin bin sawun waya mai ƙara idan wayoyin ginin sun cakuɗe. Sai takarda da biro. Kafin ka taɓa komai, rubuta layi ɗaya ga kowane tarho: sunan mai shi, lambar soket ɗin bangonsa, lambar kati da kafa, da lambar cikin da za a ba shi.

Mataki na huɗu: sili, inda aikin yake

Daga kafar akwati zuwa tebur, hanyar tana da zango uku. Na farko daga kati zuwa allon rarraba waya. Na biyu daga allon zuwa soket ɗin bango. Na uku 'yar gajeruwar igiyar da ke tsakanin soket da tarho. Tilas silin nan biyu su bi zangon uku ba tare da sun sauya layi ba.

Wasu katuna kafofinsu ɗai-ɗai ne, kowace da bakinta. Wasu kuma baki guda ne babba mai fil 50, wato siraran ƙarafan da ke haɗa sili, da ake kira Amphenol, wanda kebul mai tagwayen sili 25 ke fita daga gare shi. Idan irin wannan ne, launi ne jagoranka. Tagwayen farko fari da shuɗi, na biyu fari da ruwan lemo, na uku fari da kore, na huɗu fari da ruwan ƙasa, na biyar fari da ruwan toka. Daga nan ja ya maye gurbin fari a sake bin launukan biyar, sannan baƙi, sannan rawaya, sannan shunayya. Biyar sau biyar, 25 ke nan. Amma kada ka ɗauka kafa ta biyu tana kan tagwaye na biyu. A wasu katunan kowace kafa tagwaye ɗaya take ci, a wasu kuma kowace kafa an ware mata fiye da ɗaya, har da waɗanda ba a amfani da su. Zanen fil-fil na katin yana cikin littafin girkawa, kuma shafin nan shi ne ya cancanci ka buga shi ka manna a jikin ƙofar akwatin.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane. Kan RJ11 yana da gurbi shida. Biyun tsakiya, wato na 3 da na 4, su ne tarhon analog ke amfani da su, haka ma tarhon dijital na kamfanoni da yawa. A Avaya, kafar DS babban baki ce irin na RJ45, wato na kebul ɗin kwamfuta, kuma fil na 4 da na 5 take amfani da su, wato tsakiya dai. Panasonic kuwa ya bambanta. Tarhonsa na dijital yana sauraron silin da ake kira D1 da D2, waɗanda ke gurbi na 2 da na 5, wato gefe da gefen na tsakiya. Na tsakiyan, T da R, ya bar wa analog. Abin da wannan ke nufi shi ne, igiya mai sili biyu da ka zaro daga tsohon tarho ba za ta taɓa tayar da KX-DT ba, sai mai sili huɗu. Na taɓa ɓata rabin yini a wani ofis ina zargin kati, har na fara lissafin yadda zan shaida wa mai ofishin cewa sai an sayo wani, ashe igiyar ce. Ɗaga kan igiyar ka duba ta cikin robar: ƙarfe biyu ka gani ko huɗu?

Idan ginin an riga an ja masa Cat5e da soket na RJ45, za a iya amfani da shi, sai dai ka san wane launi ne ya faɗo a ina. Shuɗi yana fil na 4 da na 5 a kowane tsarin jera launuka, don haka tarhon da ke bin tsakiya shuɗi zai hau. Na Panasonic zai faɗa kan fil na 3 da na 6, wanda kore ne a tsarin T568B, ruwan lemo a tsarin T568A. Kan RJ11 yana shiga soket na RJ45, amma yana iya lanƙwasa fil na 1 da na 8, ranar da aka mayar da soket ɗin na kwamfuta kuma a rasa abin da ya same shi. Gara ka haɗa igiya mai RJ45 a ɓangaren bango da RJ11 a ɓangaren tarho.

Wajen dannawa a allon rarraba waya, kada ka fere silin. Ɗora shi da rigarsa a cikin tsagar, ka danna da abin dannawa har ya yi ƙas. Haƙoran ne za su yanka rigar su kama tagullar. Kada ka yi amfani da sukundireba, tana buɗe haƙoran har abada. Kuma kada ka warware murɗin tagwayen sai daidai inda za su shiga, domin murɗin ne ke kare su daga hayaniyar wutar lantarki.

Abubuwa uku ne layin dijital ba ya yafewa. Ba a raba shi biyu: ɗan soket mai baki biyu da ake sa wa tarhon gida don a jona guda biyu, a nan zai kashe duka biyun ko ya sa su riƙa mutuwa suna tashi. Ba ya son wutsiya, wato ragowar waya da ta zarce zuwa wani soket da ba a amfani da shi. Yanke ta daga allon. Ba ya son a ɗauki sili ɗaya daga wannan tagwaye ɗaya daga wancan, ko da testa ta nuna hanya ta buɗe.

Nisa kuwa, nan ne tarhon dijital ya fi na IP. Kebul ɗin kwamfuta mita 100 ne iyakarsa kafin a sa wata na'ura a tsakani, shi kuwa layin dijital yana tafiya ɗaruruwan mitoci, gwargwadon kaurin sili da samfurin tarho. Ainihin iyakar tana cikin littafin. A raba wayar da kebul ɗin wutar lantarki da dogayen fitilun lantarki masu ƙugi, idan dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Idan wayar za ta fita waje zuwa wani gini, a sa mata na'urar kariya daga tsawa irin wadda ta dace da layin dijital, a kuma tabbata wayar ƙasa ta akwatin tana haɗe da kyau.

Mataki na biyar: jona ka zuba ido

Kafin ka kai tarhon teburin mai shi, gwada shi a gindin akwatin da gajeruwar igiya. Wannan ɗan aikin na minti biyu yana raba maka gardama daga baya: idan ya tashi a nan ya ƙi tashi a can, ka san bango ne.

A bayan tarhon ka lura da kafar da kake sakawa. Ta hannun tarho ƙarama ce, wasu kuma suna da kafa ta biyu ta ƙarin na'ura. Wadda ke zuwa akwati an rubuta mata Line, ko an ambaci PABX, ko an zana mata soket. Da ka jona, fitilu za su yi walƙiya, allo ya kawo, bayan 'yan daƙiƙu ka ga kwanan wata da lokaci da lambar ciki. Wani lokaci tarhon zai tsaya yana karɓar sabuwar manhaja daga akwatin, ya ɗauki mintuna. Kada ka zare shi a wannan hali. Ba ya buƙatar wutar bango, daga akwati yake sha, sai dai idan an ƙara masa faifan maɓallai na mai karɓar baƙi, wanda a wasu samfuran yake son wutarsa daban, a wasu kuma kafarsa daban.

Mataki na shida: saiti

Jona kwamfuta da akwatin. Panasonic yana da manhajar Maintenance Console, sababbin na jerin KX-NS kuma ta burauza ake shiga. Avaya yana da IP Office Manager, kuma sabon akwatin da ba a taɓa ba yana zuwa da adireshin 192.168.42.1 a kafarsa ta farko. Idan har yanzu kalmar sirrin da ya zo da ita daga kamfani ce a kai, canza ta yau. Ɓarayin layi suna shiga irin waɗannan akwatunan su yi ta kiran ƙasashen waje, sai takardar kuɗi ta zo a sani.

Buɗe katin ka ga kafar. Ya kamata ta nuna tana aiki, ta kuma faɗi irin tarhon da ta gani. Akwatin yakan ba kowace kafa lamba da kansa, sai ka bar ta ko ka canza. Wajen zaɓen lamba, kada ta fara da lambar fita waje, wadda galibi 9 ce ko 0, kada kuma ta yi karo da lambar rukuni ko ta akwatin saƙon murya. Kuma duk su zama tsawo ɗaya: idan akwai 20 akwai 201, akwatin zai riƙa jira ya ga ko za a ƙara lamba, ko ma ya ƙi karɓa. A Avaya akwai abin lura: Extension daban, User daban. Na farko kafa ce, na biyu mutum ne, kuma sai lambarsu ta dace tarhon zai zama na wannan mutumin.

Sa suna gajere da zai shiga allo. Sunan kujera ya fi na mutum daɗewa: "Akanta" zai zauna ko an canza akanta.

Sai izinin kira. Kowane layi ana sa shi a aji: wanda zai kira ciki kawai, wanda zai kira waje, wanda zai kira ƙasashen waje. Tarhon da ke baranda ko ɗakin jira bai kamata ya iya na ƙarshen ba. Amma kowane aji, komai ƙanƙantarsa, a bar masa lambar kiran gaggawa ta ƙasar da ake ciki a buɗe. Wannan ba wurin tsumulmula ba ne.

Maɓallai masu fitila su ne dalilin da ya sa aka sayi tarhon dijital tun farko, don haka kada ka bar su fanko. Kowanne ana iya mayar da shi layin waje, ko lambar abokin aiki wadda fitilarta za ta nuna yana kan kira, ko ɗaukar kiran da ke ƙara a teburin maƙwabci. Ni dai shawarata, kada ka tsara su da ka. Tambayi mai teburin mutane biyar da ya fi kira, ka sa masa su, sauran kuma su zama iri ɗaya a duk ofishin don kowa ya iya amfani da tarhon kowa. Daga nan ka shigar da layin cikin rukunin da ya dace idan ana so ya yi ƙara sa'ad da aka kira lambar ofis daga waje, ka buɗe masa akwatin saƙon murya idan akwai. Adana saitin, ka sake ɗaukar kwafi.

Masu Panasonic da kafofi suka ƙare musu suna da wata 'yar dabara mai suna DXDP: a wasu samfuran ana jona tarhon dijital na biyu a bayan na farko, a kunna tsarin a manhaja, ya sami lambarsa mai zaman kanta. Yana fitar da mutum kunya, amma ka sani duk ranar da aka zare na farkon don share tebur, na biyun ma ya mutu.

Mataki na bakwai: gwaji, da abin yi idan ya ƙi

Kira wani layin ciki, shi ma ya kira ka. Kira waje, a kira ka daga waje. Dakatar da kira ka dawo masa, tura shi ga wani, gwada lasifika. Sannan ka gwada abin da ka hana, ka tabbata ya hanu.

Idan allo ya ƙi kawowa sam, wuta ba ta iso ba: igiya, ko gurbin sili, ko kafar ba ta dijital ba ce. Sa mita a soket ɗin da ke aiki ka ga abin da ya nuna da kuma a wane fil, sannan ka kwatanta da wanda ya ƙi. Idan ka sami wutar amma a wasu fil ɗin daban, ka gano. Idan allo ya kawo amma ya tsaya yana cewa a jira, ko fitilu suna ta walƙiya, to wuta ta iso amma ba su fahimci juna ba: ko an rufe kafar a manhaja, ko akwatin bai san samfurin ba, ko layin ya yi nisa ko yana da wutsiya. Idan yana aiki yana mutuwa jefi-jefi, je ka sake danna silin a allon rarraba waya, ka duba kan igiyar ko ɗan maƙallinsa ya karye. Idan kana ji ba a jin ka, kafin ka zargi komai canza murɗaɗɗiyar igiyar hannun tarhon. Kullum abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, kuma ka riƙe tarho ɗaya da igiya ɗaya da ka san lafiyarsu ƙalau don musaya.

Saura batun ƙaura, wanda zai taso ko ba daɗe. Lambar ciki tana jikin kafa ne, ba jikin tarho ba. Idan ma'aikaci ya ɗauki tarhonsa ya koma wani ɗaki ya jona, lambar wancan soket ɗin zai samu, tare da sunan da maɓallan mai ita. Don lambarsa ta bi shi, ko dai ka cire silinsa a allon rarraba waya ka mayar kan na sabon soket, ko ka musanya lambobin kafofin biyu a manhaja. Ko wanne ka yi, gyara takardar nan ta mataki na uku, ka sa kwanan wata, ka mayar da ita jikin ƙofar akwatin.